Daga Ruwan Bagaja Zuwa Skyrim: Tarihin Masu Yi Wa Labari Kwaskwarima

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu wata gardama ce da ta ɓarke tsakaninmu ɗalibai bayan an tashi daga darasin ƙagaggun labarai. Malam ya gama lissafa mana wuraren da Alhaji Abubakar Imam ya samo labarun da ke cikin Magana Jari Ce, fitarsa ke da wuya sai wani ɗan ajinmu ya ce, to ashe mutumin da ake ta kambamawa kwafa ya yi, da a yau ne ai sunan abin satar fasaha. Wasu suka yi masa ca, wasu suka goya masa baya. Ni dai ran nan ban ce uffan ba, domin amsar da ke bakina na san in na faɗe ta dariya za a yi mini. Amsar kuwa ita ce, abin da Imam ya yi a birnin nan na Katsina cikin 1933 shi ne abin da dubban samari ke yi wa wasannin kwamfuta a zamanin nan, kuma a can ba a kiransu ɓarayi, har ma aiki ake ba wasunsu. Tun da yanzu na sami fili, bari in baje hujjata, malamaina su duba su gyara mini inda na kauce.

Da farko ya kamata in yi wa wanda bai taɓa shiga gidan gem ba bayanin irin wasan da nake nufi. Ba na ƙwallo ba ne, ba kuma na dambe ba. Wasa ne da mutum zai shiga rigar jarumin labari, watau ya zama shi ne jarumin. Za a sake shi cikin wata ƙagaggiyar duniya mai birane da dazuzzuka da sarakuna da matsafa, ya zaɓi sunansa da sana'arsa, a aike shi neman wani abu mai wuyar samu, ya yi yaƙi, ya yi ciniki, ya yi ƙarya ko ya faɗi gaskiya, kowane zaɓi da abin da zai haifar. Asalin irin wannan wasa ba a kwamfuta yake ba. Cikin 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons, wanda ake yi a zaune kewaye da tebur: mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya riƙe jarumi guda yana faɗin abin da zai aikata. In ka lura, tatsuniya ce wadda aka ba masu sauraro izinin sa baki. Daga baya aka ɗora wa kwamfuta aikin mai ba da labarin. Wanda ya fi shahara cikin irinsu shi ne Skyrim, na kamfanin Bethesda da ke Amurka, wanda ya fito ran 11 ga Nuwamba, 2011.

Kwaskwarima kuwa ita ce mai wasa, wanda ba ma'aikacin kamfanin ba ne, ya buɗe cikin wasan ya sake wani abu ko ya ƙara, sa'an nan ya raba wa 'yan'uwansa kyauta. Duk ɗan Katsinan da ya yi ƙuruciya a gidan gem ya taɓa cin gajiyar wannan aiki ko bai sani ba. Wasan ƙwallon nan na PES, na ƙarshe da kamfaninsa ya yi wa PlayStation 2 shi ne na 2014, amma shekara da shekaru bayan haka kowace kaka sai mu ga sabon faifai da sababbin riguna, ɗan wasan da aka sayar jiya-jiya yana sabuwar ƙungiyarsa. Muna yara mun ɗauka kamfani ne. Ashe wasu ne can suka zauna suka yi masa faci.

Al'adar ta daɗe. Cikin 1983 wasu 'yan makaranta a Amurka suka ɗauki wasan Castle Wolfenstein, suka cire sojojin Jamus da ke ciki suka maye gurbinsu da wasu shuɗɗan 'yan tsana na majigin yara, don neman dariya kawai. Cikin 1993 masu wasan Doom suka ware hotuna da taswirorin wasan daga injinsa da gangan, don wanda ya ga dama ya sake su. Bethesda kuwa ta wuce nan: sa'ad da ta fitar da Morrowind cikin 2002, sai ta haɗa wa masu saye da kayan aikin da ma'aikatanta suka gina wasan da su. Haka ta yi wa Skyrim a Fabrairun 2012. Tun daga nan kwaskwarimar da aka yi wa wannan wasa guda ɗaya ta kai dubbai barkatai, akasarinta a tare a wata taska ta intanet mai suna Nexus Mods.

To, me mutane suka fi nema? Wanda bai sani ba zai zaci sababbin takubba ne ko sulke mai walƙiya. Akwai su, har da na shirme, kamar wanda ya mai da dodannin wasan masu fukafukai suka koma jirgin ƙasa na majigin yara, yana shawagi a sama yana fesa wuta. Amma waɗanda aka fi saukewa ba su ba ne. A sahun gaba akwai wani faci da wata ƙungiyar 'yan sa kai ta yi, wanda ba ya ƙara kome sai gyaran kurakuran da kamfani ya bari: ƙofar da ta ƙi buɗuwa, ɗan aiken da ya maƙale a hanya labari ya tsaya cik, kuskuren rubutu a cikin littattafan wasan. Akwai SkyUI, wanda ya sake tsarin jakar kayan jarumi don a riƙa samun abu da sauri. Akwai wanda ke tono abubuwan da kamfani ya fara ginawa ya watsar saboda ƙurewar lokaci, ya maido su wurinsu. Akwai wanda ya sake mafarin labarin, domin a asali kowa fursuna yake farawa, a ɗaure bisa keken doki za a kai shi a sare masa kai, mutane kuwa suka gaji, suna son su fara a matsayin mafarauci ko falke. Sa'an nan akwai masu cewa duniyar ta yi musu kaɗan. Wani saurayi mai shekara 19, Alexander Velicky, ya kashe kimanin awa 2,000 ya gina sabuwar ƙasa sukutum mai suna Falskaar cikin 2013, kafin shekarar ta ƙare kamfanin Bungie ya ɗauke shi aiki. Wasu Jamusawa kuma suka rushe duniyar Skyrim gaba ɗaya, suka bar injin kawai, suka gina tasu mai suna Enderal cikin 2016.

Mai karatu ya riƙe waɗannan a ransa: gyaran abin da bai zauna daidai ba, da sake jarumi, da faɗaɗa ƙasa, da riƙe inji a zubar da sauran. Yanzu sai mu komo gida.

Katsina, 1933

Cikin 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko, ya sa gasa. Dalilinsa shi ne an koya wa yara karatu amma babu abin karantawa na nishaɗi. Shi da kansa ya ba da labarin wahalar da ya sha, a wata maƙala da ya buga cikin 1936, domin malamai suna ganin ƙaga labari ba aikin mai mutunci ba ne, tatsuniya ce, ta mata da yara. Littattafai biyar aka buga daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Su Imam da Bello da Ɓalewa duk sun sha ruwan Kwalejin Katsina, Bello yana malami, biyun suna ɗalibai. Ginin ƙasar nan na kwalejin yana nan tsaye, an mai da shi gidan adana kayan tarihi, kuma abin kunya ne yawanmu masu karatun Hausa a garin nan ba mu taɓa leƙa shi ba.

Imam yana da shekara 22 a lokacin, watau sa'an yawancinmu ne, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Dubi abin da ya rubuta da idon ɗan gem. An wulakanta Liman a fada don ya ce ruwan Bagaja ne maganin ciwon Yarima. Alhaji Imam ya yi rantsuwa sai ya samo ruwan. Ya fita, gari ya bi gari, kowane gari da tasa fitinar, a wani ya yi arziki a wani ya kwana a kurkuku, ga abokin hamayya Malam Zurƙe ɗan Muhamman yana ɓullowa duk inda ba a zata ba, har tafiya ta kai shi ƙasar aljannu. Babban aike guda, da ƙananan aike-aike a hanya, da abokin gāba mai dawowa: wannan shi ne ainihin ƙashin bayan irin wasan da na bayyana a sama.

Ina ya samo shi? Shi Imam bai ɓoye ba. A cikin tarihin rayuwarsa ya faɗi cewa dabarar mutum biyu masu yi wa juna wayo daga Muƙamar Hariri ya ɗauko ta, littafin nan na malamin Basra wanda ya rasu cikin 1122, wanda ake karantawa a zaurukanmu don sanin lugga. A can Abu Zaidu ne da Harisu, a nan Alhaji ne da Zurƙe. Masu nazari kuma sun nuna kamar da ke tsakanin jigon neman ruwan da wata tatsuniyar Jamus da 'yan'uwan nan biyu, su Grimm, suka tattara, inda ƙaramin ɗan sarki ya samo ruwan rai don ubansa, yayyensa suka sace suka musanya masa da ruwan teku. Wanda ya tuna abin da Saƙimu ya yi wa Alhaji a kan hanyar komowa ba ya bukatar ƙarin bayani.

Amma fa a duba abin da ya canza. A tatsuniyar Jamus ɗan sarki ne jarumi, salihi, wanda kirkinsa ya cece shi. Imam ya tuɓe wa jarumin rigar sarauta ya sa masa ta almajiri, ya cire masa salihanci ya ba shi wayon Gizo. Alhaji maƙaryaci ne in ta kama, mazambaci ne, kuma muna sonsa a haka. Dalilin tafiyar ma ya sake: ba ciwon uba ne ya fitar da shi ba, kunyar da aka ba uba ce a gaban fadawa. Bahaushe ya san wanne ya fi zafi. Muƙama kuwa, wadda daɗinta duk a cikin wuyar Larabcinta yake, sai ya zubar da wuyar ya riƙe raha. Injin na wasu ne, ƙasar da mutanen da dariyar nasa ne. Da Jamusawan Enderal za su karanta shi, da sun gane ɗan'uwansu.

Ganɗoki ma haka. Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, ya fara da tarihi na gaskiya, yaƙin Kwantagora da zuwan Turawa, sa'an nan da tarihi ya kai inda aka ci mu, sai ya ƙi tsayawa nan. Ya ɗauki jaruminsa ya kai shi ƙasashen aljannu irin na Dare Dubu da Ɗaya, inda takobi ke da amfani har yanzu, ba bindiga mai ruwa. A wajen 'yan gem akwai masu kwaskwarimar da ba su yarda da yadda labari ya ƙare ba, sai su ƙara masa ƙasa a gaba. Ban san sunan da ya fi dacewa da rabin Ganɗoki na biyu ba in ba wannan ba.

Cikin 1936 East ya aro Imam daga Katsina ya kai shi Zariya, ya tara masa littattafan tatsuniyoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya ce ya yi wa makarantu littafin karatu. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku. Akun da ke hana ɗan sarki fita da daɗin labari daga Indiya ya taso, ya bi ta Farisa. Labarin Sarkin Busa daga garin Hamelin na Jamus yake. Kalala da Kalalatu, matar da ta cinye kajin baƙo ta haɗa shi gudu da mijinta, tana cikin littafin su Grimm, sai dai a can kuyanga ce da ubangidanta. Imam ya mai da su miji da mata, nan take labarin ya sami wani gishiri da ba shi da shi a Jamus, domin mun san abin da baƙo yake a gidan Bahaushe, mun kuma san abin da ke tsakanin maigida da uwargida a kan nama. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya bi sawun waɗannan labarai ɗaya bayan ɗaya a cikin littafinsa Adabin Abubakar Imam, wanda duk mai son shiga wannan gardama ya kamata ya fara karantawa kafin ya buɗe baki.

Wanda ya fi ba ni mamaki duk da haka ba Imam ba ne. Malam Ahmadu Ingawa ne, shi ma ɗan ƙasar Katsina, mai Iliya Ɗan Maiƙarfi na 1951. Na karanta littafin nan ina firamare, na kuma rantse a raina Iliya Bahaushe ne na zamanin da, mai yiwuwa ma daga wajen Ingawa. Sai da na zo jami'a na ji cewa jarumin waƙoƙin gargajiyar Rasha ne, Ilya Muromets, wanda shi ma ya tashi gurgu har wasu baƙi suka zo suka warkar da shi. Birnin Kib shi ne Kiev. Sarki Waldima shi ne Vladimir. Wargaji, ƙaton nan da ƙasa ke nishi da nauyinsa, shi ne Svyatogor. Sunayen ma bai wahalar da kansa wajen ɓoye su ba, ya dai lanƙwasa su yadda harshenmu zai iya ɗauka. Amma jarumin da ya tashi cikin ƙanƙara da majami'u, ya iso hannunmu yana salla yana hawan Kwalele, babu ɗinkin da ya nuna. Ran da na gane haka na ji kamar an ce mini kakana baƙo ne. Daga baya na ga ai wannan jin shi ne shaidar gwanintar mai aikin.

Kada kuma a zaci boko ne ya kawo mana wannan hali. Ina neman afuwa a nan, ba ina haɗa waƙoƙin addini da wasa ba ne, hanyar aiki kawai nake nuni gare ta. Mene ne tahmisi? Malami ya sami waƙar wani mai ƙwar biyu, ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti, bisa karinta da amsa-amonta, ta koma mai ƙwar biyar. Ishiriniyar da ake karantawa a unguwanninmu ta Alfazazi ce da tahmisin Ibn Mahib, kuma Wali Ɗan Masani na nan Katsina, wanda ya rasu cikin 1667, ya yi mata sharhi. Tabbat Haƙiƙa kuwa Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahmisi. Hannu uku a waƙa guda, ba wanda ya ce an yi wa wani sata. Imam da Bello 'ya'yan malami ne, cikin wannan al'ada suka buɗe ido.

Inda abokina yake da gaskiya

Sai dai tahmisi yana da wani ladabi: ana faɗin mai asalin waƙa, ana faɗin mai ƙari. Kwaskwarimar gem ma haka take dole, tun da ba ta tashi sai an ɗora ta a kan wasan asali, kowa ya san na wane ne. Mu kuwa an ba mu Iliya da Magana Jari Ce a makaranta ba wanda ya ce mana ga inda suka fito, shi ya sa in ɗalibi ya ji daga baya sai ya ji kamar an yaudare shi. Fushin ɗan ajinmu daga nan ya taso, kuma ban ga laifinsa ba. Kuskurensa shi ne ɗora laifin a kan marubutan, alhali tatsuniyoyin da suka ɗauka ba su da mai su tun asali. Su Grimm ɗin ma daga bakin mutane suka kwasa, suka yi ta gyaggyarawa daga bugu zuwa bugu.

Su ma 'yan gem ba su tsira daga rigimar mallaka ba, kuma abin da ya tayar da ita kuɗi ne. Ran 23 ga Afrilu, 2015, kamfanin Valve mai kasuwar wasanni ta Steam ya haɗa kai da Bethesda suka buɗe hanyar sayar da kwaskwarimar Skyrim. Mai aikin zai sami kashi 25 cikin ɗari, kamfanonin biyu su raba sauran. Tun ba a je ko'ina ba aka janye wata kwaskwarima ta kamun kifi, don an gano an gina ta a kan aikin wani wanda bai yarda a sayar da nasa ba. Sai ga shi kowa ya jingina da kowa, ba a san inda gonar wani ta ƙare ta wani ta fara ba. Masu wasa suka yi bore, ran 27 ga watan aka rufe kasuwar aka mayar wa mutane kuɗinsu. Muddin abin kyauta ne ana zaune lafiya kamar masu tatsuniya a dandali, da ciniki ya shigo sai aka fara neman alƙali. Wanda ya bi rigimar da ake yi a Kano tsakanin masu shirya finafinan Hausa da masu ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, irin su Algaita, zai ga dangin wannan magana.

Wani lokaci kuma ɗan riƙo yakan girma ya kafa gidansa. Wani lauya a Ostareliya, Nick Pearce, ya yi wa Skyrim ƙarin labari mai suna The Forgotten City cikin 2015, labarin wani birni da in mutum ɗaya ya yi zunubi kowa zai hallaka. Cikin 2016 ƙungiyar marubutan ƙasarsu ta ba shi lambar yabo ta rubutu. Cikin 2021 ya cire labarin daga Skyrim ɗungum, ya mai da shi zamanin Rumawa, ya sayar da shi a matsayin wasa mai zaman kansa. A wace rana ce ya daina zama mai kwaskwarima ya zama mawallafi? In an ba ni amsar wannan, zan faɗi ranar da Ruwan Bagaja ya daina zama na Hariri.

Kwaskwarimar da ba a yi ba

Akwai wata irin kwaskwarima da na ajiye sai yanzu, domin ita ce ta shafe mu kai tsaye, watau ta harshe. Kamfani yakan fassara wasa zuwa harsunan da yake ganin akwai kasuwa, sauran jama'a kuwa ko oho. Masu wasa ba su zauna jira ba. Wasan Mother 3 ya fito a Japan cikin 2006, kamfanin Nintendo bai fitar da shi da Ingilishi ba, sai wasu masoyansa suka yi shekara biyu suna aiki, suka saki fassararsu cikin Oktoban 2008, a makon farko aka sauke ta fiye da sau 100,000. Turkawa ma su suka fassara wa kansu Skyrim. A nahiyarmu an fara motsi ta wata fuskar: kamfanin Kiro'o na Kamaru ya fitar da Aurion cikin 2016, wasa irin wannan da aka gina bisa al'adun Afirka, kuma Tales of Kenzera na 2024 ana iya jin maganar cikinsa da Swahili.

Mu fa? Masu jin Hausa sun fi masu jin harsuna da dama da ake yi wa fassarar kamfani yawa. Sha'awar irin wannan labari kuwa ba ta mutu ba, shaida ita ce yadda matasa suka yi rububin littattafan yaƙi na su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu cike da sadaukai da matsafa da aljannu. Kayan gini ma ga su zube. Baƙo ya iso gari da dare, ya nemi ruwa aka ce rijiya sai Juma'a saboda maciji, ya fita da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya kashe macijin ya bar takalmi, da safe fadawa suka yi ta ƙaryar su ne: wannan ba Skyrim ba ne, Bayajida ne a Kusugu ta Daura. Ga kokawar Korau da Sanau, ga takobin Gajere, ga Durɓi ta Kusheyi, ga ƙofofin birnin nan kowace da labarinta.

Da hutun da ya wuce ni da wani abokina mai karatun kwamfuta muka ce bari mu taɓa mu ji. Akwai wata manhaja ta kyauta, xTranslator, da ke fito da duk rubutun wasan a jere, kana fassarawa tana mayarwa. Da muka buɗe sai jikinmu ya yi sanyi, domin maganganun bakin mutanen wasan kaɗai sun haura layi 60,000, ban da littattafan da ke cikinsa. Muka ce to mu yi fitowar farko kawai, daga keken fursunoni zuwa saukar dodo a garin Helgen. Kwana huɗu muka yi, rabinsu ba wuta. Da muka kunna, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ya kamata ya fito sai wani ɗan akwati fanko ya tsaya a wurin, don haruffan wasan ba su san da su ba. Haruffan nan masu lanƙwasa a shekarun 1930 aka tsayar da su, East na cikin waɗanda suka tsaya a kai, ga shi bayan shekara kusan 90 mun sake cin karo da matsalar da maɗaba'ar Zariya ta sha. Abokina ya ce wannan mai sauƙi ce, zai zana haruffan ya cusa su.

Wadda ta gagare mu ita ce ta kalma ɗaya. Halittar nan mai fukafukai da ke fesa wuta, wadda duk labarin ya rataya a kanta, me za mu kira ta? Na rubuta dodo, kamar yadda na yi ta yi a cikin wannan maƙala. Abokina ya ce dodon tatsuniya wawa ne, Gizo ma yana yi masa wayo, yarinya tana rufe shi da waƙa, ba wanda zai ji tsoronsa, alhali wannan halitta tana da harshenta da tarihinta, tana ganin mutane bayinta ne. Ya ce mu sa maciji. Na ce maciji ba ya tashi sama. Muka gwada ifiritu, muka ga ya ja mu zuwa Bagadaza. Na ce da Malam Ahmadu Ingawa ne da tuni ya lanƙwasa sunan ya wuce, kamar yadda ya yi wa Waldima. Abokina ya ce a'a, wanda ya dubi Svyatogor ya kira shi Wargaji ba lanƙwasawa ya yi ba, nemowa ya yi, mu ma mu nemo. Har aka koma makaranta gurbin kalmar nan fanko yake a cikin fayil ɗinmu, a layi na goma sha ɗaya.